Babban kamfanin haɗa rigakafi ya kira ni aiki: yaya zaman ciki yake?

Nana Ƴar Tawa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Na gama mastar a Faransa, kuma wani babban kamfani mai haɗa alluran rigakafi da magungunan da ake samarwa daga ƙwayoyin halitta ya kira ni. CDD ne, wato kwantaragin wucin gadi, na wata 18, a sashen gwajin inganci. Albashin ba laifi. Amma wata da ta yi sitaj a can ta ce mini wurin ba daɗi, kowa na tsoron kowa, ko tari ka yi sai ka sa hannu a takarda. Inna kuma kullum a waya maganarta guda ce, in dawo gida haka nan. Don Allah waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan wurare, yaya zama da mutanen ciki yake?

Ɗan Fada: Ƙanwata karɓi kawai. Yuro ɗaya sefa 656 ne. Ko marin safe ake yi wa ma'aikata, ki miƙa kumatu.

Mushe na Harobanda: Wa alaikumus salam. Kai Ɗan Fada, yarinya ta zo da maganar hankali, ka bari masu abin su amsa. Ɗan Adar, Maman Abdul, ku ake jira.

Ɗan Adar: Ga ni Mushe, yanzu na tashi, aikin dare munka yi. Ƙanwata barka da ƙoƙari. Ni a ɓangaren haɗawa nike, ba labo ba, amma dokar guda ce.

Abin da ƙawarki ta hwaɗi game da takarda gaskiya ne, sai dai ba ta gane dalili ba. Maganar da za ki fara ji ranar farko ita ce: abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Kin auna zafin firigo, ki rubuta nan take, da bik, ba fensir ba. In hannunki ya kuskure, ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan nan. Layi ɗaya za ki ja bisa kuskuren yadda za a iya karanta shi, ki rubuta daidai a gefe, ki sa harufan sunanki da kwanan wata da dalili. Wasu matakan ma sai mutum na biyu ya tsaya ya gani da idonshi, shi ma ya sa hannu. Ɗakin da muke aiki kuwa, kafin ka shiga sai ka tuɓe agogo da zobe, ka bar waya, ka sa riga bisa riga, hula, takunkumi, tabarau, safar hannu biyu. Mata ba kwalli, ba jan baki, ba ƴan kunne. Mai gemu a rufe gemun. A can ciki ɗan Adam shi ne babbar ƙazanta, don fatarmu da numfashinmu kullum zubar da ƙwayoyin cuta suke.

Dalilin shi ne kayan rai muke kiwo. Ƙwayoyin da ke cikin tankin sai sun yi makonni suna girma, kuma daga fara haɗi zuwa ranar da za a saki allurar rigakafi watanni ne masu yawa, wata ta haura shekara, mafi yawan lokacin wajen gwaji yake tahiya. Hannu ɗaya marar tsabta na iya kashe aikin duka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda sunka ɗauki kuskure. Wani yaro da muke tare ya taɓa bakin bututu da safar da bai fesa wa magani ba. Ba wanda ya gan shi. Da kanshi ya tsaida aiki ya kira shef. Anka buɗe bincike, anka tsare kayan, anka yi ta tambayoyi, ƙarshe anka sake tsarin wurin ajiye kwalbar feshin don ta yi nisa da hannu. Yaron shina nan har yau. Wani kuma tsohon hannu ya manta bai auna zafi ba, sai ya cika lambar daga baya awa ya auna. Na'ura ta tona shi, don tana ajiye sa'ar da anka buɗe ƙofa. Bai ƙara sati ba.

Hajiyar Farmasi: Allahu akbar. Mu nan yaro ya fasa kwalba sai ya tura ta ƙarƙashin kanta, in ka tambaya kowa ya rantse.

Mushe na Harobanda: Hajiya, kada mu mai da abin kamar su haihuwarsu aka yi da gaskiya mu kuma da ƙarya. Tsoro ne ya gyara su. Masu bincike na hukuma suna iya sauka a masana'anta su ce a kawo takardun haɗin shekaru uku baya, in suka ga rami su rufe wurin. Kuma duk da haka ana yi. Kamfanin Ranbaxy na Indiya a 2013 ya amsa laifi a Amurka, ya biya dala miliyan 500 kan magungunan da ba su cika ƙa'ida ba da bayanan ƙarya, kuma wanda ya yi aiki a ciki ne ya fasa ƙwan. A 2021 wata masana'anta a Baltimore ta lalata kimanin allura miliyan 15 ta rigakafin korona na Johnson & Johnson, saboda kayan haɗin wata allurar sun gauraya da nata. Su ma mutane ne. Yaronki da ke ɓoye kwalba ya san daga albashinsa za ki cire, shi ya sa.

Hajiyar Farmasi: To Mushe in ban cire ba wa zai biya ni?

Maman Abdul: Sannunku da gida. Sai yanzu na samu zama, a nan Amurka rana ba ta faɗi ba tukuna. Nana, Yayanki Ɗan Adar ya gaya miki gaskiya, amma gaskiyar mai CDI ce, wato mai aikin dindindin. Ni na zauna ta ɓangare biyun.

A bango za ki ga an rubuta cewa ba a hukunta wanda ya faɗi kuskurensa. Haka ne, ba a korarsa. Amma ƙarshen shekara, sa'ad da shef zai zauna ya ba kowa maki, yana tuna sunan wa ya fi fitowa a takardun bincike. Mai aikin dindindin abin da zai rasa ɗan ƙarin kuɗi ne. Ke mai wata 18, ba sai an kore ki ba, shiru kawai za a yi har kwantaragin ya ƙare. To shi ne tsoron da ƙawarki ta gani, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ma'aikacin wucin gadi a waɗannan kamfanoni kamar agola yake: tukunya ɗaya kuke ci da ƴaƴan gida, ranar rabon gado ne zai san matsayinsa. Inda na fara, har launin katin da muke ratayawa a wuya daban ne, kuma akwai tarukan da in an zo maganar sirrin kamfani sai a ce masu irin katinmu su fita.

Na biyu, suna da daɗin baki. Ranar farko za a nuna muku hotunan marasa lafiya suna godiya, har ki ji ƙwalla. Kowane kamfani da labarin asalinsa da yake maimaitawa, irin na Genentech, kamfanin da Herbert Boyer da Robert Swanson suka kafa a 1976, wanda aikinsa ya kai ga insulin ɗin ɗan Adam da aka amince da shi a 1982. Ma'aikata da yawa sun yarda da abin har zuciya, ni ma na yarda. Amma wannan kalma ta "marar lafiya na jira" ita ce kuma ake ɗaukowa ranar da ake son ki kwana a labo ko ki zo ran Asabar. Wa zai ce a'a?

Sannan a cikin magunguna goma da suka kai gwaji a jikin mutane, kusan tara ba sa kai wa kasuwa. Ranar da namu ya faɗi a gwaji, ba wanda ya yi laifi a cikinmu, amma aka rushe sashen. Da safe aka kira mu ɗaya bayan ɗaya, mintoci kaɗan, shef na karanta takarda bai ɗago kai ba, kafin azahar kwamfutata ta daina buɗewa. Mutumin da muka ci abinci tare shekara da shekaru. Abokan aikina da ke kan bizar aiki kwana 60 doka ta ba su, su sami wani wurin ko su tattara.

Ɗan Adar: Yaya, wanga na Amurka ne. Faransa ba a korar mai CDI haka da rana tsaka, akwai sandika, akwai wakilan ma'aikata, sai an yi watanni ana ja. Sati awa 35 ne bisa doka, konje sati biyar. Mai CDD ma in ya ƙare ba a riƙe shi ba, ana ba shi kashi 10 cikin 100 na abin da ya samu. Amma maganar agola ban musa miki ba. Ina da abokai da sunka yi wata 18, anka sallame su, anka ɗauko wasu sabbi bisa aikin nan dai.

Maman Abdul: Na yarda, ku kuna da inuwa. Mu nan ko hutun haihuwa, dokar tarayya sati 12 ta ba da kuma ba albashi, sai abin da kamfani ya ga dama ya ƙara. Nijar da muke rainawa sati 14 take bayarwa.

Ɗan Fada: Ni duk wannan bai dame ni ba. Tambayata, yaya ɗan musulmi zai je ya ba waɗannan mutane ƙarfinsa? Kun manta Kano 1996? Kamfanin Pfizer ya sa yara 200 a gwajin maganinsa Trovan lokacin sanƙarau, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Ga Kano nan kusa da Maraɗi.

Mushe na Harobanda: Ba kai ne ɗazu ka ce ta miƙa kumatu ba?

Ɗan Fada: Wancan wasa ne Mushe, wannan gaske.

Hajiyar Farmasi: Ba wanda ya manta, ɗana. Kamfanin ya dage cewa ciwon ne ya kashe yaran, amma dai a 2009 ya sasanta da jihar Kano bisa dala miliyan 75, kuma har yau muna shan wahalar rashin yarda da abin ya haifar in an zo rigakafi. Sai dai ka tuna ɗayan gefen. Ni na ga shekarun da sanƙarau ke shigowa Adar da zafin bazara, a kwantar da yara a rumfuna don ɗakuna sun cika. Allurar rigakafin sanƙarau MenAfriVac da anka fara a 2010 a Burkina da Mali da nan Nijar, kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa ta, kuɗinta bai kai rabin dala ba, kuma nau'in A da ke yi muna kisan kiyashi kusan ya ɓace. A 2015 kuma, ana tsakiyar annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabun alluran sanƙarau na yawo a ƙasar ga. Mi ke raba ta gaske da jabu? Lambar haɗin da ke jikin kwalba, wadda kamfani zai duba kundinshi ya ce tawa ce ko ba tawa ba. Takardun nan da ke gundurar su Nana, mu nan ƙarshen hanya su ne kariyarmu. Gara a samu ɗiyanmu a ciki sun san yadda ake yi.

Nana Ƴar Tawa: Na gode Inna Hajiya. Yaya Ɗan Adar, sallah fa? Da kallabi? Shi ne abin da ban iya tambayarsu ba ranar ganawa.

Ɗan Adar: Nan kam ba amsa guda. Dokar 2004 mai hana kallabi da kike ji ta lakwal ɗin gwamnati ce, ba ta kamfani ba. Amma tun 2016 doka ta ba kamfani dama ya sa sharaɗin hana alamun addini cikin dokokinshi na cikin gida, in yana da hujja. Don haka ki roƙi takardar dokokin ki karanta kafin ki sa hannu, haƙƙinki ne. Cikin ɗakin tsabta kowa a rufe yake ruf, mace da namiji ba ka bambancewa sai ta murya, matsalar a biro da kantin abinci take.

Sallah kuwa, gaskiya hannun shef ɗinki na kusa take. Na yi wata shef da ko tambaya ba ta yi, ta san lokacin hutuna ina ɓacewa minti goma, da azumi ma ita ke tuna mini in gyara jerin aikina. Anka canza ta, wanda ya zo ya fara duba agogo. Kamfani guda, bango guda, rubutun bango bai sake ba. Kuma in kin shiga ciki da kayan nan ba a fita don la'asar, tuɓewa da sake sawa kaɗai aiki ne, sai kin tsara alwala da hutunki tun kafin.

Abin da ya fi yi mini ciwo ba wanga ba ne. Ranar da tsohona ya rasu, kwana uku doka ta ba ni. Kwana uku, ko Tawa ban isa ba in na haɗa jirgi da motar Yamai. Sai da na ci konjena. Da na dawo sunka ba ni kati kowa ya sa hannu, wasu sunka dafa kafaɗata, shi ke nan. Ba mugunta ba ce, a ganinsu ladabi ne kada a tada maka ciwo. Amma mu da munka saba a zo a zauna bisa tabarma a yi ta shigowa har sadakar bakwai, abin da nauyi.

Mushe na Harobanda: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Hajiyar Farmasi: Amin. Mutumin kirki ne, Allah ya kai haske kabarinshi.

Ɗan Bukoki: Amin. Ku ba ni wuri in faɗi yadda abin yake daga nan Yamai, don mu ma ma'aikatansu ne ta wata fuska. Ina tallata magungunan wani babban kamfani ga likitoci, amma ba shi ya ɗauke ni ba, wani ɗan tsakiya ne. Kowace shekara sai na zauna gaban kwamfuta na yi darasin hana cin hanci, in amsa tambayoyi, in sa hannu cewa ko bik mai tsada ba zan ba likita ba. To madalla. Wata na ƙarewa sai a kira ni daga ofishin yanki a ce ina adadin da aka sa mini? Wanda ke takara da ni kuma, na ƙaramin kamfani, ya shigo da kwalin kyauta. In na kawo wannan a taro sai a ce an ji, za a duba. Su a can sama hannunsu tsaf, takarda ta nuna sun horar da ni. In wani abu ya ɓaci, sa hannuna ne a ƙasa.

Maman Abdul: Wannan shi ne. Ana cewa kowa ya faɗi ra'ayinsa, kuma da gaske za ka iya musa wa darakta a taro, ka kira shi da sunansa tsirara ba Malam ba ranka ya daɗe. Ni wata da watanni bakina ya kasa. Amma a saurare ka daban, a yi aiki da maganarka daban.

Nana, ga wani abu da ya fi cutar da irinmu. An tarbiyyantar da mu cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba a kallon babba cikin ido. A can in kin sunkuyar da kai sai a ce ba ki da tabbaci a kan aikinki, ko kina ɓoye wani abu. Ƙarshen shekara ke za ki rubuta abin da kika yi da hannunki. Na ga ƴar Afirka ta yamma da ta ɗauki rabin aikin labo a kanta, ta rubuta "mun yi, mun gama", abokin aikinta ya rubuta "na yi", aka ɗaga shi aka bar ta. Ki sayi kaye tun ranar farko, duk abin da kika kammala ki rubuta da kwanan wata. Ranar zama da shef sai ki karanto, ba ƙari ba ragi.

Mushe na Harobanda: Duk na ji, amma ni damuwata dabam. Muna koyar da yara a Jami'ar Abdou Moumouni, mafi ƙwazonsu su tafi, mu kuma mu zauna muna ba su shawarar yadda za su daɗe a can. Afirka kusan kashi 1 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi take haɗawa, Tarayyar Afirka kuma ta ce tana son kashi 60 nan da 2040. Da wa za a yi? Institut Pasteur na Dakar ya daɗe yana haɗa allurar rigakafin ciwon shawara. Kamfanin BioNTech ya buɗe wurin haɗa rigakafi a Kigali a Disamba 2023. Mu nan muna da LABOCEL mai haɗa rigakafin dabbobi, ga CERMES mai binciken cututtuka, ga LANSPEX mai gwajin ingancin magunguna. Ba fili ne fetal ba.

Ɗan Fada: Kamfanin Moderna ma ya yi alkawarin gina masana'anta a Kenya, 2024 ya ce ya dakata don ba masu saye. Ta dawo ta yi me Mushe, ta zo fada mu sha shayi?

Ɗan Adar: Mushe, da girmanka, mu ƴan Adar bida gadonmu ce, kuma mai zuwa bida da niyyar komawa yake fita. Amma in ta dawo yau da diplom kaɗai, abin da ta sani ku kun riga kun san shi. In ta yi wata 18 tana ganin yadda ake tabbatar da hanyar gwaji, yadda ake binciken kuskure, yadda ake amsa wa masu bincike na hukuma, to ta zo da abin da ba a koyarwa a aji. Ni shawarata ta karɓa, amma kafin nan ta tambaye su abu uku a rubuce: cikin masu CDD na sashen nawa anka riƙe bara, aikin na rana ne ko ana juyawa har dare da Lahadi, kuma ta nemi ganin wanda zai zama shef ɗinta ido da ido. In sunka yi ta kewaye-kewaye kan ta farko, ta san inda ta dosa.

Mushe na Harobanda: Masu niyyar komawa na sani da yawa, yanzu jikokinsu ba sa jin Hausa. Amma ban hana ba.

Hajiyar Farmasi: Ɗan Adar, ni dai maganar yaron nan da ya kai ƙarar kanshi ta tsaya mini. In na ajiye kaye a farmasi na ce duk wanda ya yi kuskure ya rubuta, ba za su ce tarko na ɗana musu ba?

Ɗan Adar: Za su ce, Inna. Ki fara da firigo kaɗai: zafi safe da yamma, da sa'ar da kuran ya ɗauke da sa'ar da anka tada gurup. Wanga ba laifin kowa ba ne, hannunsu zai saba da rubutu. Maganar kwalba kuma sai kin yanke tun yanzu, wanda ya hwaɗi da kanshi ba a taɓa albashinshi, kuma ki cika ko da maganin mai tsada ne.

Hajiyar Farmasi: Ko da insulin ne? Ka san nawa nike sayen kwalinshi kuwa?

Ɗan Bukoki: Hajiya ni na sani, ni na kawo miki takardar farashin.